Kurajen fuska da abin da ke cikin kwanona

Tun ina sakandare kurajen fuska suka kama ni, ba su sake ni ba har na shiga jami'a. A gidanmu kowa da nasa fassarar. Goggo cewa take: "'Yar nan, gyada ce, ki bar ƙuli-ƙuli ki ga ikon Allah." Na bari, har miyar taushe na ƙaurace wa, fuskar tana nan yadda take.

Wata likitar fata ce ta warware mini zancen. Ta ce kurjin daga ramin gashi yake farawa. Da zarar an balaga, sinadaran androjin na jiki kan sa fata ta riƙa fitar da maiƙo da yawa. Maiƙon ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata, ramin ya toshe, sai ƙwayar cuta mai suna Cutibacterium acnes ta hayayyafa a ciki, wurin ya kumbura ya ɗuri ruwa. Sauyin sinadaran jiki ne ya sa nawa ke tsananta idan al'ada ta kusa. Ba ƙazanta ba ce, kuma dirza fuska da soso ƙara mata ciwo yake.

Da na tambaye ta abinci, gyada ba ta dame ta ba. Karin safena ta bincika: shayi mai kaurin madara da sukari, burodi, da rana kuma lemon kwalba. Irin wannan abinci kan ɗaga sukarin jini da sauri, insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ya tashi, shi kuma ya zuga fata ta ƙara maiƙo. Akwai binciken da aka wallafa a 2002 kan mutum 1,200 a tsibirin Kitava na ƙasar Papua New Guinea, masu rayuwa kan doya, dankali, kifi da kwakwa, ba a samu mai kurajen fuska ko ɗaya ba. Madara ma bincike da dama sun alaƙanta ta da kurajen, ko da yake hujjar ba ta kai ta sukari ƙarfi ba.

Sai na koma alale da ƙosai da safe, wake, tuwon dawa, kwaɗon zogale. Zoɓo na ce a daina zuba mini sukari. Sannu a hankali maiƙon hancina ya ragu, manyan kurajen nan masu zafi a haɓa suka yi sauƙi. Amma ba su tafi duka ba sai da na haɗa da man benzoyl peroxide, wanda likitar ta ce sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a ga aikinsa. Na kuma daina barin man kitso yana gangarowa goshina ƙarƙashin ɗankwali.

Abin da ke ci mini rai shi ne 'yan mata masu shafa man bilicin don goge tabon. Da yawan mayukan nan akwai sinadarin sitiroid a ciki, irin su clobetasol, yana sirantar da fata ya kuma fito da sabbin kuraje. Baƙin tabo a fatarmu yakan yi watanni, kuma matsa kurji da farce shi ke ƙara zurfafa shi.