Batir na uku

Talata. Kekena mai lantarki ya mutu min a tsakiyar hawan gadar Ƙofar Nassarawa da safe, alhali sandunan caji duk a cike suke lokacin da na fito daga gida. Ba wani gargaɗi, ina murɗa hannu sai kawai ɗif. Na kashe na kunna ya kawo, na sake murɗawa ya sake ɗaukewa. Haka na sauko na tura shi, kuma duk wanda ya taɓa tura keke mai batiran dalma huɗu na 20Ah (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ke nan) ya san me nake nufi, kowanne ya kusa kilo 7, ga akwatin ƙarfen da na sa aka yi musu walda. Na isa aiki rigata sharkaf.

Aiki dai kamar kullum. Ban iya cin abincin rana ba, zafi.

Bayan la'asar na kai keken shagon Kawu. Tun a hanya na riga na yanke cewa kwantirola ce, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa injin daga batiran, don jiya da daddare na sa mita na auna batiran ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana ba ni bolt 12.7 ko 12.8, kuma jonin nan ni na yi shi da hannuna, kan ja na wannan zuwa kan baƙi na na gaba har huɗun su ba da 48, ba inda ya kwance ba inda ya yi tsatsa. Na faɗa wa Kawu haka. Bai ce min komai ba, ya shiga ciki ya fito da kwan fitilar mota mai wat 55 da aka yi wa wayoyi biyu masu maƙali.

"Batirin da ke zaune ba ya aikin komai ai lafiya zai ce maka," in ji shi. "Ɗora masa kaya ka gani."

Ya raba su, ya maƙala kwan a na farko, mita na gefe. Ya ɗan sauka kaɗan ya tsaya. Na biyu haka. Na uku kuwa wallahi ina kallo lambar tana gangarowa, 12, 11 da wani abu, kafin Kawu ya gama kurɓar shayinsa ta faɗo ƙasa da 10 hasken ya koma ja. Kuma kwan nan amfiya huɗu da rabi kawai yake ja, ina ga hawan gada da injin ke neman ninki uku na haka. Kwantirola ba ta da laifi, an yi ta ne ta yanke wuta in jimillar ta sauka wajen 42 don kar a tatse batiran su lalace, aikinta ta yi.

Daɗi ya kama ni sosai, na ce Kawu shi ke nan ɗaya zan saya in musanya. Ya girgiza kai. Ya ce cajar tana turo wajen bolt 59 ne ga dukkansu a dunƙule, ba ta san wane ne ya ƙoshi wane ne bai ƙoshi ba, in ka haɗa sabo da tsofaffi to tsofaffin ne za su riƙa ƙarewa da wuri, sabon kuma ya bi su a hankali, kuɗinka ya tafi a banza. Ko in sayi huɗu tare, ko ya nemo min na hannu wanda ƙarfinsa ya yi daidai da sauran ukun, a yi wa kowanne caji shi kaɗai da caja mai 12 kafin a sake jona su. Sai ya tambaye ni kwana nawa na taɓa barin keken ba caji. Na tuna lokacin jinyar Inna, kusan sati uku yana soro a ƙare. Ya ce to a nan ya kamu, batirin dalma in ya daɗe a ƙare wani farin gishiri ke daskarewa a jikin farantansa, caji ba ya narkar da shi duka.

Duk wannan bai dame ni ba, na hannun zan saya ƙarshen wata in Allah ya kai mu. Abin da ya hana ni barci daban ne.

Ina ɗaure akwatin sai ga wani yaro ɗan gwangwan, bai fi shekara goma sha biyu ba, ya ga an ware batirin gefe ya ce Yaya a sayar min. Buhunsa a buɗe, na hango ciki, fasassun batira ne, farantan dalma a warwatse da baƙar laka. Na kalli hannunsa, yatsun sun yi toka-toka, fatar gefen farce duk ta zaizaye, a ɗaya hannun kuma yana riƙe da ƙullin gyaɗa yana ci. Na ce da me kake fasa su, ya ce da guduma, a bayan gidansu, ruwan kuma ya zubar a kwata.

Nan take Zamfara ta faɗo min, 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara wajen 400 da gubar dalma ta kashe saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gida, ƙurar tana sauka inda suke rarrafe. Dalmar nan dai ita ce a cikin buhun yaron nan. Ba ta zafi ba ta wari, a jini take taruwa ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Na ce ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci komai, ya ce to Yaya, ya sake jefa gyaɗa a baki. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya ɗaga buhunsa ya wuce shagon gaba.

Kawu ya ce in bar masa, akwai masu zuwa da mota suna kwasa a dunƙule ba tare da an fasa ba. Na tambaye shi daga nan ina suke kaiwa, ya yi shiru ya ci gaba da naɗe wayar kwansa.

Na dawo da batirin gida a adaidaita, keken na shagon. Auta ta tare ni a soro tana son ta taɓa, na ɗaga ta na miƙa wa mamanta. Batirin yana saman bangon bayan gida yanzu, na kifa masa tsohon bokiti na danne da bulo. Na wanke hannuna sau biyu kafin tuwo.