Takardun da ke kayar da ɗan kwangila tun kafin a duba farashinsa

Kamfanoni da dama da ke faɗuwa wajen neman kwangilar Gwamnatin Tarayya a Najeriya ba tsada ce ke kayar da su ba, don ko ambulan farashinsu ba a kai ga buɗewa. Takarda ɗaya ce wa'adinta ya ƙare, ko alƙaluman cinikin kamfani suka saɓa da na haraji, sai kwamitin tantancewa ya ture fayil ɗin gefe. Abin da ke ci mini rai shi ne, sau da yawa 'yan kasuwa ne na ƙwarai, masu iya kawo injin ban-ruwa ko kujerun makaranta a kan lokaci, amma sun raina aikin takarda.

Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007 ce ke tafiyar da wannan harka, ita ce kuma ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan yadda ma'aikatu ke ba da kwangila. Tallar aiki na fitowa a manyan jaridu da mujallar kwangilolin tarayya, kuma kusan kowace talla jerin takardu iri ɗaya take nema: rajistar kamfani ta CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka wuce, rahoton kuɗin kamfani na waɗannan shekarun da akanta mai lasisi ya duba, takardun PenCom (hukumar fansho) da ITF (asusun horar da ma'aikata) da NSITF (asusun biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki), shaidar shiga kundin 'yan kwangila na BPP, wasiƙar banki, da rantsuwar kotu.

Waɗannan takardun a sarƙe suke da juna, nan ne mutane ke makara. Ba ka samun shaidar haraji sai akanta ya kammala lissafin shekara an miƙa wa hukumar haraji. PenCom ba ta ba ka tata sai ta ga kana zuba kuɗin fanshon ma'aikatanka, kashi 10 cikin 100 daga kamfani, kashi 8 daga albashin ma'aikaci, ta kuma ga inshorar rai da ka yi musu, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. ITF da NSITF kowace na karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi. BPP kuma a shafinta na intanet za ta nemi ka ɗora waɗannan kafin rajistarka ta cika. Yawancin takardun ranar 31 ga Disamba suke mutuwa. Wanda ya jira sai ya ga talla sannan ya fara zirga-zirga tsakanin ofisoshi, makonnin da aka bayar za su ƙare yana kan layi. Aikin watan Janairu ne wannan, ko akwai talla ko babu.

Ƙananan kamfanoni na da sauƙi: talloli kan ce takardar PenCom ta shafi mai ma'aikata 15 zuwa sama, ta ITF kuma mai ma'aikata 5 ko cinikin naira miliyan 50 a shekara zuwa sama. Karanta tallar da kanka ka ga abin da ta ce.

Batun ciniki ya cancanci a tsaya a kai. Babbar kwangila kan sa sharaɗin cewa cinikinka na shekara ya kai wani adadi, kuma adadin da ke jikin shaidar haraji ake dubawa. Ɗan kasuwan da ya saba rage cinikinsa a takarda don ya biya haraji kaɗan, ranar neman kwangila zai tarar ya ɗaure kansa da igiyarsa. Wanda kuma ya sa akanta ya kumbura rahoto ya bar na haraji a ƙasa, saɓanin a fili yake ga duk mai haɗa takardun biyu.

Rantsuwar kotu ba ado ba ce. A cikinta kake bayyana ko wani jami'in ma'aikatar ko na BPP yana da hannun jari ko wata moriya a kamfaninka, da cewa kamfanin bai durƙushe ba, ba a kuma taɓa kama wani darakta da laifin zamba ba. Kamfanin da kotu ta samu da laifi a ƙarƙashin dokar, kamar haɗa baki da wasu masu neman aikin ko amfani da takardar bogi, ana hana shi kwangila aƙalla shekara 5, ya biya tarar kashi 25 cikin 100 na darajar aikin, daraktocinsa kuma su fuskanci ɗaurin shekara 3 zuwa 5 ba zaɓin tara.

Ranar miƙawa, takardun cancanta ambulan ɗinsu daban, farashi daban, a liƙe kowace a rubuta lambar aikin, a sa su cikin babbar ambulan. Kuɗin fam a asusun bai-ɗaya na gwamnati ake zuba shi, ba a hannun wani ba. Idan an nemi garantin banki na shiga takara, doka ta ce kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na farashin da ka sa. Ka makara da minti kaɗan, a dawo maka da ambulan a rufe. Je wurin buɗewa ko ka tura wakili, ka rubuta farashin kowa yadda aka karanto shi, domin doka ta ce mai mafi ƙarancin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa shi ke da aikin.

Wajen yanka farashi, tuna harajin kaya (VAT) na kashi 7.5 cikin 100 da harajin da ake riƙewa daga tushe, a ofis za a cire su kafin kuɗi ya iso ka. Kafin-alƙalami ma ba a ba da shi sai da garantin banki ko na kamfanin inshora, banki kuma ba ya yin wannan kyauta. Biya kan yi jinkiri. Doka ta tanadi ƙarin kuɗi idan an wuce kwana 60, amma mai jari kaɗan ya lissafa ko zai iya jure jiran kafin ya ci bashin kaya.

Idan kana ganin an zalunce ka, kana da ranakun aiki 15 daga ranar da ka sani ka rubuta wa shugaban ma'aikatar, shi ma 15 ne gare shi ya amsa. Bai gamsar da kai ba, ka kai wa BPP cikin ranakun aiki 10, ita kuma ta yanke cikin 21. Daga nan sai Babbar Kotun Tarayya, cikin kwana 30. A rubuce ake yin ƙorafin, a haɗa da kwafen takardu, ka kuma tabbatar an buga maka hatimin karɓa mai ɗauke da kwanan wata, don da shi za a ƙirga wa'adin.