Haɗa ruwan batir: yadda nake aiki da ɗanyen asid

Kafin in kwance murfin jarkar asid, ruwan wanke ido da jiki nake fara dubawa. Duro guda a cike, da famfon roba a gindinsa, a inda mutum zai kai ko da idonsa a rufe, babu batir ko kebur a kan hanya. In duron bai cika ba, ranar babu haɗi, ko da mai mota yana tsaye a bakin shago. Buta ba ta yin wannan aiki. Ƙa'idar da masana'antun Amurka ke bi wajen wankin ido ita ce lita ɗaya da rabi duk minti, har minti 15, wato sama da lita 22 domin ido kaɗai. Buta kuwa da ƙyar take cin lita biyu.

Abu uku ne muke kira ruwan batir, kuma daga nan rikici ke farawa. Akwai ɗanyen asid ɗin salfurik, mai ƙarfin kashi 98 cikin ɗari. Yana da kauri kamar mai, lita ɗayansa kilo 1.84 ne, don haka jarka mai lita 20 ta doshi kilo 37, ta fi ƙarfin yaro. A takardar da ke jikin jarkar za ka ga lamba 1830. Akwai haɗaɗɗen da ake zubawa a batir, kashi 33 zuwa 37 cikin ɗari, lambarsa 2796. Sai tataccen ruwa na ƙari, wanda ba shi da asid ko kaɗan. Duka ukun farare ne tas a ido, kuma hanci ba ya bambanta su. Shi ya sa kowace jarka a wurina da rubutu a jikinta da jan fenti, da boko da ajami, kuma murfinsu ba launi ɗaya ba ne.

Kayan jiki ba su da yawa. Tabarau mai mannewa a fuska ta kowane gefe, ba na masu babur ba, sannan garkuwar fuska ta roba a kansa ranar haɗi. Safar hannu mai kauri ta robar PVC ko ta robar butil, wadda ta kai gwiwar hannu. Siririyar safar asibiti ba ta jure ɗanyen asid. Kafin in sa safa sai na hura mata iska na murɗe bakinta, in akwai huda za ta sace. Safa mai huda ta fi hannu tsirara illa, domin tana riƙe asid a kan fata cikin gumi. Sai rigar leda ta gaba da takalmin ruwa, ƙafar wando a kan takalmin, ba a cusa ta ciki ba, don kada abin da ya gangaro ya taru a tafin ƙafa. Na san zafin watan Afrilu bai bar mutum ya so waɗannan kaya ba. Maganin abin shi ne a yi haɗi da sassafe, ba a cire kayan ba.

Lissafin haɗi: lita uku na tataccen ruwa ga lita ɗaya ta ɗanyen asid yana ba da nauyin kusan 1.280 a ma'aunin da ake gwada ƙarfin ruwan batir da shi. Lita uku da rabi yana ba da kusan 1.250, wanda ya fi dacewa da ƙasar zafi, domin asid mai ƙarfi cikin zafi yana saurin cinye farantan dalma da ke cikin batir. In mai ƙera batirin ya rubuta nasa adadi, nasa nake bi. Kada ka yi mamaki in lita uku da lita ɗaya ba su cika huɗu ba. Haɗin yana tsukewa, abin da za ka samu kamar lita 3.8 ne.

Ruwa ne ke fara shiga bokiti, asid ya biyo baya. Ba a taɓa juya wannan. Asid ya kusa ninka ruwa nauyi, to in ka zuba ruwa a kansa, ruwan yana tsayawa a sama, ya tafasa nan take a inda suka haɗu, tururin ya watso asid a fuskarka. In kuwa asid ne ya shiga ruwa mai yawa, sai ya nutse, ruwan ya shanye zafin. Duk da haka zafin ba ƙarami ba ne. Lita ɗaya cikin lita uku, in aka juye gaba ɗaya, tana ƙara wa haɗin zafin da ya kai digiri 80. Ɗora wannan a kan ruwan da ya kwana a digiri 30, ka kai gaɓar tafasa. Saboda haka nake raba asid ɗin kashi huɗu ko biyar, in tsiyaya shi siriri ta gefen bokiti ina juyawa da sandar roba, in dakata minti 10 zuwa 15 tsakanin kowane zubi. Bokitin haɗi yana zaune cikin babban baho mai ruwan sanyi. Bahon yana janye zafi, kuma in bokiti ya tsage, abin ba zai malale a ƙasa ba.

Mazubin ma ba kowane ba. Roba mai kauri nake amfani da ita, wadda a gindinta akwai lamba 2 ko 5 cikin alama mai kusurwa uku. Gorar lemo da ta ruwan sha masu lamba 1 ɗanyen asid yana cin su. Kwalba takan fashe saboda zafi. Bokitin ƙarfe, kwanon sanholo da mazurarin kwano duk haɗaɗɗen asid yana narkar da su, yana fitar da iskar haidirojin. Ba na karkata jarka mai kilo 37 ina zubawa a tsaye. Famfon hannu na roba nake sa mata. Tsotsar tiyo da baki, yadda ake yi wa fetur, shi ne abin da ba na yafe wa kowane yaron shago. Da an gama a rufe jarka gam, domin ɗanyen asid yana zuƙar laimar iska. In aka bar shi a buɗe da damina, zai ƙaru har ya tumbatsa.

Sai haɗin ya huce nake aunawa, galibi washegari. Asid mai zafi yana nuna ƙasa da gaskiyarsa. Ma'aunin da aka saita a digiri 27 yana buƙatar ƙarin 0.0007 ga kowane digiri da ya haura. A digiri 40, in ka karanta 1.241, ainihinsa 1.250 ne. Wanda bai san wannan ba sai ya ƙara asid, ya lalata batir da hannunsa.

Sabon busasshen batir ina cika kowane gida, wato ramin da ke ƙarƙashin kowane murfi, da haɗaɗɗen asid har ya rufe faranti da milimita 10 zuwa 15, in bar shi ya sha na rabin awa zuwa awa, in daidaita, sannan caji. Daga ranar ba ya sake ganin asid sai in ya zube. Abin da ke raguwa a batir ruwa ne, asid ɗin yana nan. Ƙarin kuma da tataccen ruwa, ban da na rijiya, na famfo ko fiya wata, saboda gishiri da ƙarfen da ke cikinsu suna kashe faranti.

Wurin caji ne batir ke fashewa. Batir mai bolt 12 da ya haura 14.4 yana fara tafasa, kumfar nan haidirojin ce da iskar oksijin. Haidirojin kashi 4 cikin ɗari a iska ta isa ta kama da tartsatsi ɗaya, kuma sama take tashi ta taru a ƙarƙashin rufi, don haka tagar ɗakin caji a sama take kamata. Ina sassauta murafu, in ba batir kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, wato amfiya 10 ga mai 100, in rage wuta da zarar jikinsa ya doshi digiri 50. Caja ake fara kashewa daga soket kafin a taɓa maƙalan. Goga waya a kan batir don a ga ko yana da wuta, ko haska ashana a leƙa cikin gida, su ne ke tarwatsa murfi su watsa asid a ido. Wannan ya shafi masu sola da inbata da suke ajiye manyan batira a ɗakin kwana a rufe.

Kumfar tana ɗauke da feshin asid da ido ba ya gani. Alamarsa ƙaiƙayin maƙogwaro, tari, da haƙoran gaba da suke dakushewa su riƙa tsami. Tun 1992 hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Faransa ta sa feshin irin wannan asid cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta maƙogwaro. Takunkumin yadi ba ya tare shi. Iska mai ratsawa ita ce kariya, kuma ba a ci, ba a sha, ba a kwana a ɗakin caji.

In ya taɓa fata, ruwa mai gudu nan take, minti 20 aƙalla, ana cire riga, agogo da zobe a ƙarƙashin ruwan. Rigar da ta jiƙe a yanka ta da almakashi, kada a cire ta ta kai. Wasu suna tsoron ruwa, wai zai ƙara zafi. Ruwa kaɗan ne ke yin haka, mai yawa kwashe zafin yake yi tare da asid ɗin. Manja, man goge baki, ɗanyen ƙwai, baƙin mai da toka duk rufe asid suke yi a kan naman, su kuma wahalar da mai wanke ciwon a asibiti. Haɗaɗɗen asid shi aka fi rainawa, don da farko ɗan ƙaiƙayi kawai yake yi. Amma dubi abin da yake yi wa wandon auduga: ɗigon ya bushe ba ka ga komai ba, sai an wanke ka tarar da ramuka kamar gara ta ci. Ruwan ne ya tafi, asid ɗin ya ƙara ƙarfi a wurin. Haka yake yi a tsakanin yatsu da ƙarƙashin zobe. Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannu, ko ta fuska, hannu ko al'aura, ko wadda ta yi fari ko baƙi kuma ba ta zafi, ta asibiti ce.

Ido ba ya jira. Mutum zai runtse da ƙarfi, sai wani ya buɗe masa fatar idon da yatsu, ruwa na zuba daga gefen hanci zuwa waje don kada ya gangara cikin ɗayan, yana jujjuya ƙwayar idon, minti 30. Ba a murzawa, ba a ɗiga nono ko tozali. Daga nan sai likitan ido a ranar, ko da zafin ya lafa. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, a Kano akwai asibitin ido na ECWA, amma asibitin da ya fi kusa shi ne na farko.

Wanda ya sha asid kuwa, galibi yaro ne da ya tarar da shi a gorar lemo. Saboda haka ba na sayar wa kowa a irin wannan gora, kome roƙonsa. Kada a sa shi amai, domin asid zai sake ƙona hanyar da ya bi. Kada a ɗura masa manja ko madara. Kanwa da bakin soda, wato farar hodar da ake sa wa kek, sun fi haɗari, suna haifar da iska a ciki wadda za ta iya fasa tumbin da ya riga ya ƙone. A kurkure baki a tofar, a tafi asibiti da gorar a hannu. Ko an sallame shi a ci gaba da lura, domin bayan mako uku zuwa takwas tabon yakan tsuke hanyar abinci, haɗiya ta fara gagara.

Kanwar da ba a ba mutum, ƙasa ake ba ta. In asid ya zube, ina kewaye shi da yashi, in barbaɗa bakin soda daga gefe zuwa tsakiya har kumfa ta daina tashi. Lita ɗaya ta haɗaɗɗe tana cin kamar giram 800 na bakin soda, ko rabin kilo na soda ash ɗin masu sabulu. Lita ɗaya ta ɗanye tana cin kilo uku na bakin soda. Dakakkiyar kanwa ma tana yi, sai dai ta fi ci saboda ƙasar da ke cikinta. Tsumma, kwali da garin katako ɗanyen asid yana mayar da su gawayi, yana hayaƙi. Sodar sabulu mai ƙuna, wato kostik soda, da ruwan bilic ba sa kwana ɗaki ɗaya da asid: ta farko tafasa take yi da shi, na biyun iskar kulorin yake fitarwa.

Ruwan tsohon batir ba ya shiga kwata, domin ban da asid akwai dalma a cikinsa, kuma soda ba ta kashe dalma. Wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ya san abin da take yi in ta shiga ƙasar da yara ke wasa. Mataccen batir ina barin ruwansa a ciki, murafu a ɗaure, a tsaye kan tire na roba a inuwa, har masu saye su ɗauka. Wanda ya tsage ina juye ruwansa a jarka ta daban mai rubutu, in kashe asid ɗin da bakin soda kaɗan-kaɗan, murfi a sassauce har kumfar ta ƙare, sannan laka da ruwan su bi batiran zuwa wurin masu narkarwa.