Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daga Ƙwan Jimina Zuwa Wata Uku

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu bibiyar wannan tarihi daga nan Maraɗi. A makon jiya mun tsaya a kan shingen garken jiminu. Yau ƙwai za mu ɗauka, don nan ne wahalar aikin take, kuma nan ne ake asarar da ba a gani sai bayan kwana arba'in.

Jiminar da muke magana a kanta ita ce tamu ta Sahel, mai jan wuya. Da can tana yawo a dazukan arewacin Dakoro, amma farauta da kwasar ƙwai da neman gashin figini sun ƙarar da ita a dajin Nijar. Abin da ya rage yana hannun masu kiwo, irin cibiyar Kelle da ke jihar Damagaram. Gandun dajin Gadabeji da ke jihar Maraɗi, wanda aka keɓe tun 1955 mai faɗin hekta 76,000, ya karɓi raƙuman dawa takwas daga yankin Kure a 2018, kuma irin wannan mayarwa ake yi wa jimina fata. Dokar farauta ta 1998 ta kare ta, saboda haka ba a riƙe ta ko ƙwanta sai da izinin jami'an gandun daji.

Idan lokaci ya yi, wuyan namiji da ƙafafunsa sukan ƙara ja, ya riƙa gurnani da dare, ya tona rami marar zurfi a yashi. Mace tana saka ƙwai ɗaya duk bayan kwana biyu. Da yamma ake ɗauka, kuma mutum biyu ke shiga: ɗaya ya ɗauke hankalin namijin a can gefe, ɗaya ya ɗauko. Jimina gaba take shuri, kuma farcen babban yatsanta yana farke ciki. Wanda ta rutsa da shi ya kwanta rub da ciki ya rufe ƙeya, kada ya ce zai tsere mata da gudu.

Kada a wanke ƙwai da ruwan sanyi. Ɓawon yana da ƙananan ƙofofi, idan ya huce farat ɗaya sai ya zuƙe dattin da ke bayansa zuwa ciki. A goge da busasshen ƙyalle, a rubuta ranar da lambar uwa da fensir, a ɗora a sikeli. Yawanci za a samu kilo 1.3 zuwa 1.6. Idan za a tara kafin a zuba a inji, kada ya wuce kwana 7, a wuri mai sanyin digiri 15 zuwa 18. A watan Afrilu, da zafin Maraɗi ke haura 40, ɗaki kawai ba ya bayar da wannan. In babu na'urar sanyaya ɗaki, gara a saka ƙwan a inji washegari da a ajiye shi ɗan tayin ya fara girma ya tsaya.

Injin ƙyanƙyasa ana tsayar da shi a digiri 36 zuwa 36.5, ƙasa da na kaza. Wanda ya saba da ƙwan kaji ko na zabi ya bar shi a 37.5 zai ga ƴaƴa sun fito da wuri da raunin jiki, wasu kuma su mutu a ciki. Ana juya ƙwai aƙalla sau uku zuwa biyar a yini idan da hannu ne, gefen da gurbin iska (ɗan sararin da ke cikin ƙwai a gefe ɗaya) yake yana sama. Kwanakin duka 42 ne, da ɗan ƙari ko ragi.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne sikeli. Daga ranar sakawa zuwa wajen kwana 38, ƙwai ya kamata ya rage nauyi da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari, ruwa ne ke fita ta ɓawo. Ƙwai mai giram 1,500 zai zubar da wajen giram 200 zuwa 225, wato giram 35 zuwa 40 kowane mako. Kowane mako a auna, a rubuta. Idan ragin bai kai ba, laima ta yi yawa: gurbin iska ba zai buɗe sosai ba, ɗan zai kumbura da ruwa, ya kasa juyawa ya fasa. Idan ragin ya zarce, ya bushe, tantanin ciki ya manne masa. Littattafai na cewa laimar inji ta tsaya tsakanin 20 da 30 cikin ɗari, to amma a nan ƙasar shekara biyu ce a cikin ɗaya. Da hunturu da bazara iskar ta bushe ƙwarai, sai an sa ɗan faranti na ruwa a ƙasan inji. Da damina, musamman Agusta, ko digon ruwa ba a sawa, kuma duk da haka ƙwai na ƙin ragewa, sai an buɗe ƙofofin iska an nemi hanyar busar da ɗakin. Agogon laima na iya yin ƙarya, shi ya sa hukuncin ƙarshe na sikeli ne.

Wuta kuwa kowa ya san halinta. Cibiyar da ba ta da batir da sola ko janareta a shirye, kada ta fara. Ɗaukewar awa ɗaya ko biyu ba ta kashe ƙwai idan ba a buɗe inji ba. Abin tsoro shi ne fanka ta tsaya a makonnin ƙarshe, lokacin da ɗan da kansa yake fitar da zafi.

A kwana 14 ana haska ƙwai da tocila mai ƙarfi a ɗaki mai duhu. Mai rai yana nuna inuwa, fanko kuwa haske ke ratsa shi tas. A fitar da fanko da duk wanda ya fara wari ko gumi, domin ruɓaɓɓe ɗaya in ya fashe ya ɓata sauran. Wajen kwana 38 zuwa 39 a daina juyawa, a mayar da su akwatin ƙyanƙyasa. Ɗan zai fara huda gurbin iska, sannan ya fasa ɓawo da ƙarfin wuya da ƙafa. Nan haƙuri ke ƙare wa mutane, su kama ɓare masa. Wanda aka ɓare da wuri yana fitowa jijiyoyin jini ba su janye ba, gwaiduwa ba ta gama shiga ciki ba, kuma da wuya ya kai mako. Sai an ga ya yini ya kwana babu ci gaba sannan a buɗa masa ƴar ƙofa ta gefen iska, a bar masa sauran.

Da ya fito a shafa aidin a cibiya. Nauyinsa giram 800 zuwa 900, zai ɗan rame a kwanakin farko yana cin gwaiduwar cikinsa, daga nan ya fara hawa. Ruwa da abinci daga kwana na biyu ko na uku. Ɗumi digiri 30 zuwa 32 a makon farko, ana ragewa sannu a hankali. Daren Disamba da Janairu sai da fitilar ɗumi, ranar Afrilu kuma sai da inuwa.

Abu uku ke kashe su kafin wata uku, kuma biyu daga ƙasan da suke takawa suke fitowa. Daɓe mai santsi yana sa ƙafafu su baje, in an gani da wuri a ɗaure su da ƙyalle mai laushi daidai faɗin ƙirji na ƴan kwanaki. Na biyu toshewar ciki. Ɗan jimina kamar yaro mai rarrafe yake, duk abin da ya gani baki: zaren buhu, leda, ƙusa, karan dawa, yashi. Ɗan da aka canza wa wuri ko ya firgita ya fi cin tarkace. Za a ga ya daina girma, kashinsa ya yi ƙanana ya bushe, cikin ya yi tauri. Shi ya sa ba a shimfiɗa buhu mai zare, ana share fili kullum, ana ba su ƴan tsakuwa kamar girman ƙwayar shinkafa don ƙundu ya samu abin niƙa. Na uku ruɓewar gwaiduwa ta hanyar cibiya, wadda kusan kullum daga ƙazantar inji ko ta hannu take.

Abincin farko ya ƙunshi sinadarin gina jiki wajen kashi 20 zuwa 22, da garin ƙashi, da yankakken ɗanyen ganye irin zogale ko latas sau da yawa a yini. Ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna guba ne ga hantarsu, a shinshina a duba kafin a niƙa. Kada a yi ɗokin ƙiba. Ɗan da jikinsa ya riga ƙashinsa girma ƙafarsa ke murɗewa waje, kuma in ta murɗe ba ta dawowa. Maganin tun farko shi ne fili mai tsawo da za su yi gudu kowace safiya. A nisanta su da kajin gida saboda cutar Niyukasal, wadda ke share akurki da hunturu, a kuma rufe saman wurinsu da raga don shaho da hankaka.

Ra'ayina shi ne, cibiyar da ke son mayar da jimina daji kada ta kwashe ƙwai duka zuwa inji. Ɗan da ya tashi a hannun mutum yana bin mutum, ba ya tsoron kare ko dila. A bar wa iyaye sheƙa ɗaya a shekara, mace ta kwanta da rana, namiji da dare, su ƙyanƙyashe su yi renon da kansu. Za a samu ƴaƴa kaɗan, amma su ne suka san inda za su ɓuya in inuwa ta gifta a sama. Na inji a ajiye su don ƙara yawan garke, a kuma rubuta uwa da uban kowanne don kada a haɗa ƴan ɗaki ɗaya idan sun balaga, mace a shekara biyu zuwa uku, namiji uku zuwa huɗu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga garken barewa da yadda ake shayar da wadda uwarta ta ƙi.