Farin Ɗigon da Muka Gani a Hoton Suna

Ranar sunan ɗiyar ƙanwata na ɗauke ta hotuna da waya a cikin ɗaki, kuma saboda babu wuta sai fitilar kyamara ta haska. Da dare ina duba hotunan na lura cewa ƙwayar idonta na dama ta fito ja-ja, ta hagu kuwa fara ce tas kamar an ɗiga madara. Na nuna wa mahaifiyarmu, ta ce: "Ke dai kin cika bin ƙwaƙƙwafi, jaririn da bai yi arba'in ba me yake gani balle a yi maganar idonsa?"

Maganar Inna ita ce abin da yawancinmu muka tashi muna ji, amma ba haka abin yake ba. Jariri yana gani tun ranar da ya zo duniya, sai dai ganin dishi-dishi ne, kuma ya fi kama abin da ke nesa da shi da santimita 20 zuwa 30, wato daidai tazarar da ke tsakanin fuskarsa da ta uwa lokacin shan nono. Wajen mako shida zuwa takwas yakan tsayar da ido a kan fuska ya mayar da murmushi, a wata uku kuma yakan bi abin da ke motsi da kallo. Idan ido ya riƙa karkacewa jefi-jefi a makonnin farko ba abin tashin hankali ba ne, amma harara-garken da ya zauna daram, ko ya zarce wata huɗu, yana buƙatar likita.

Bayan kwana uku muka kai jaririyar asibitin ido. Gwajin bai ɗauki minti biyu ba: likitar ta kashe fitila, ta ja labule, ta tsaya nesa kaɗan tana leƙa idanun ta wata na'ura mai kama da ƙaramar tocila. Ta bayyana mana cewa haske yana shiga lafiyayyen ido ya dawo da launin ja ko ruwan lemo, wanda a yaranmu baƙaƙen fata yakan ɗan yi fari-fari, don haka abin da ake nema shi ne idanu biyun su yi daidai da juna. Fari a ido ɗaya yana iya zama yanar ido, yana kuma iya zama sankarar ido ta ƙananan yara, wadda ke kisa idan aka yi sake. Tamu yanar ido ce aka haife ta da ita. A Ingila ana yi wa kowane jariri wannan gwaji cikin sa'o'i 72 na haihuwa, a sake shi a mako shida zuwa takwas, alhali mu an sallame mu daga ɗakin haihuwa ba wanda ya buɗe idon yarinyar.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne gaggawar da likitar ta nuna, domin na saba ganin tsofaffi suna zama da yana shekara da shekaru kafin a yi musu aiki su warke. Bambancin yana cikin ƙwaƙwalwa. Tsoho ya riga ya koyi gani, jariri kuwa yanzu ƙwaƙwalwarsa take koyo, kuma idon da bai aika mata da hoto ba a makonnin farko sai ta yi watsi da shi ta dogara da ɗayan. Masana kimiyya David Hubel da Torsten Wiesel sun nuna haka ta hanyar rufe ido ɗaya na 'yan kyanwa, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1981. Shi ya sa ake son cire yanar da ke ido ɗaya kafin jariri ya wuce mako shida.

An yi mata aikin tana da mako biyar, uwarta ko wankan jego ba ta gama ba. Inna da kanta ta ɗauke kwallin da take ranɓaɗa mata, bayan an gaya mata cewa kwallin gargajiya yakan ƙunshi dalma. Yanzu yarinyar ta shekara biyu, tana sanye da tabarau mai kauri, kuma kullum da safe sai an yi kokawa kafin a manna filasta a kan lafiyayyen idon don a tilasta wa na hagun aiki. Jiya da filastar a fuskarta ta hango ƙwayar gyaɗa a kan tabarma, ta sunkuya ta tsince ta.