Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Faifan Tsalle

Makon jiya na tsaya muku a inda na fito daga ɗakin likita da takardar magani a hannu, ina ɗingishi kamar wadda ta taka ƙaya. Masu tambaya ko na yi kuka, i, na yi, amma sai da na shiga taksi. Lambobin ne suka sa ni kuka: kilo 98, tansiyo (awon hawan jini) 16 bisa 10, shekara 43. Kuma shekara biyu ke nan ina salla a kan kujerar roba, don in na durƙusa sai an kama ni kafin in tashi.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce, "Madam, duk kilo ɗaya da kika ɗora wa jikinki, gwiwa kusan huɗu take ɗauka a kowane taku. In kika sauke biyar, kin sauke mata ashirin." Ta ƙara da cewa hukumar lafiya ta duniya, OMS, tana son babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, irin wanda numfashi zai ƙaru amma mutum yana iya magana. Na yi shiru. Ni da na shekara ashirin a kan keken ɗinki, duk motsina na ƙafa ne a kan feda, shi ma tun da na sayi keke mai kuran ya tsaya.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi a Yamai, wato tafiya a filin wasa na Seyni Kountché bayan asuba. Kwana tara na yi. Kuɗin taksi zuwa da dawowa, yara ba su karya ba an kusa rufe ƙofar lakwal, ga maigida da bai hana ni ba amma kullum sai ya tambayi su wa da wa ke zuwa wurin. Duk wannan da sauƙi. Gwiwar ce ta ƙi. Siminti ba ya tausayin kowa, ran kwana na tara ta kumbura ta yi kamar ƙullun fura, na koma gida na kwanta, na ce to, iyakar rabona ke nan.

Ana cikin sanyin Disamba na 2023 na shiga kasuwar Katako neman ƙafar tebur na shago. Lokacin nan sojojin Faransa na ƙarasa kwashe kayansu, kuma kowane mai kayan gwanjo, ko tsohuwar tukunya ka taɓa, sai ya ce maka ta Nasarun da suka tafi ce. A bayan wani tarin kujeru na hango abin a jingine: zagayayyen ƙarfe, faɗinsa wajen mita ɗaya, an ɗame masa baƙin yadi mai kauri a tsakiya da ƙananan ƙarafa masu talewa, irin waɗanda masu gyaran mota ke kira rasor, ga gajerun ƙafafu shida da ba su wuce taki ɗaya ba. Na ɗauka gadon kare ne, don an ce Nasara har gado suke yi wa karnukansu. Yaron shagon ya ajiye shi ƙasa, ya hau ya yi tsalle uku, ya ce, "Hajiya, na sifor ne, ba ya cin gwiwa." Kalmar gwiwa ita ta kama ni. Ya sa jaka 35, muka rabu a 18. Kafin in biya na juya shi, na ga takardar da aka manna a ƙasa tana cewa kilo 120 ne iyakarsa, na yi lissafi a zuci na ga ina da sauran fili.

Ɗiyata babba da ke Jami'ar Abdou Moumouni ita ta gaya mini sunansa, tarampolin, wannan kuma ƙaraminsa ne na cikin ɗaki. Ta duba waya ta karanto mini cewa wani Ba'amurke mai suna George Nissen ne ya ƙera na farko irin na zamani a Iowa cikin shekarun 1930, kuma tun wasannin Sidni na 2000 ake gasarsa a Olamfik. Ta kuma nuna mini yadda masu tallarsa a intanet ke ta jan sunan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, saboda wani bincike na 1980 da aka gwada tsalle a kansa da gudu a kan na'ura. Na ce mutum nawa aka gwada? Ta ce samari takwas. Na ce to, ba mata masu haihuwa shida ba ke nan, bari in tambayi tawa likitar. Ita ba ta yi dogon yabo ba. Ta ce yadin da ƙarafan suna shanye dukan da siminti ke mayar wa gaɓoɓi, wannan gaskiya ne, amma kada in tashi sama, tafin ƙafata ya zauna a kan yadin, in riƙa lotsa shi kawai, in ajiye shi kusa da abin dafawa, kuma kada in kuskura in bar maganin tansiyo. Ta ce mai ciki da mai jiri su bar shi. A gidanmu dai ba wanda ya iya faɗin tarampolin, auta ya sa masa faifan tsalle, sunan ya bi shi.

Ranar farko na kulle ɗaki, na ja shi jikin tagar da ke da ƙarfen tsaro, na kama ƙarfen da hannu biyu, na hau ba takalmi. Abu kamar ka taka bayan saniya. Na fara lotsawa a hankali, dunduniya na ɗan ɗagawa tana komawa. Kafin minti biyu sha-raɓata ta ɗauki wuta, zufa ta keto mini cikin sanyin nan da ake hura wuta a bakin titi. Da na sauko, ƙasa ta yi mini wani irin tauri, kamar ita ce ta taso ta tare ni, sai da na zauna bakin gado. Amma na shafa gwiwa na jira ta yi magana, ba ta yi ba. Washegari ma na jira ta kumbura, shiru.

Yanzu bari in faɗi abin da masu talla ba sa faɗi, maza masu karatu ku yi haƙuri ku tsallake. Macen da ta haihu da yawa, in ta fara wannan abu, fitsari na iya ɗigo mata. Ni ya faru da ni a kwana na uku, hankalina ya tashi saboda tsarki, na kusa mayar da shi Katako. Wata ungozoma da nake yi wa ɗinki na gaya wa cikin raɗa, tana gwada riga. Dariya ta yi, ta ce rabin matan da ke zuwa wurinta haka suke ko da atishawa, naman da ke riƙe mara ne ya saki. Ta koya mini matse shi kamar mai riƙe fitsari, in ƙirga biyar in saki, sau goma, safe da rana da dare, a zaune a kan keke ma ana yi ba wanda ya sani. Ta ce in riƙa zagayawa kafin in hau, in kuma rage ƙarfin lotsawar. Sai da aka yi wajen wata biyu kafin in ga canji sosai, amma na gani. Na mayar da lokacin hawana bayan sallar asuba, kafin wanka. Sai maganar ƙirji: rigar mama ta kasuwa ba ta riƙe komai, ni na ɗinka wa kaina wata da yadi ninki biyu da roba mai faɗi, kuma har yau ina ganin da zan sa ta a shago da na yi ciniki.

Akwai kuma ƙara. Ƙarafan nan sun sha ƙura a Katako, duk lotsawa sai su ce ƙiƙi, ƙiƙi, ga shi gidan haya muke, bango ɗaya da maƙwabta. Ran nan ina shara maƙwabciyata, Bazabarma mai barkwanci, ta leƙo ta ce, "Maman yara, ni na ce Alhaji ya yi tafiya Maraɗi?" Na ce ya yi. Ta ce, "To wa ke wahalar da gadon nan kowace asuba?" Wallahi tsintsiyar ce ta faɗi daga hannuna. Ranar na ɗauko man keke na bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, talatin da biyu ne, na ɗiga wa kowanne a inda ya maƙale. Ya yi tsit. Ita kuwa sai da na shigo da ita ta gani da idonta, ta hau, ta yi ihu, ta sauka.

Daga minti biyu na koma biyar, na koma goma, har na kai goma sha biyar da safe, goma sha biyar bayan isha. Na koyi taka shi kamar mai tafiya a wuri ɗaya, ina ɗaga gwiwa kaɗan, na koyi sakin taga da hannu ɗaya. A watannin nan kuran sai ya wuni bai zo ba, tun da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin Yuli, keken shago na zaune, faifan kuwa ba ruwansa da kuran.

Bayan wata guda cur na je farmasi na hau sikeli da fara'ata. Kilo 97 da rabi. Na sauka na cire takalmi na sake hawa. Haka dai.

Ɗiyata ce ta zaunar da ni da biro da takarda, abin da ya fi ciwo shi ne da gaskiyarta. Ta ce minti goma na lotsawa irin tawa ba ya cin kalori 100, kilo ɗaya na kitse kuwa wajen kalori 7,700 ne. Sannan ta fara ƙirga mini abin da nake saka wa kaina da shi don na yi ƙoƙari: shayi da madara da sukari ƙwaya huɗu, ƙwayoyin kaɗai sun kai kalori 80, fari masa biyar a hanyar shago, kwanon fura da rana shi ma da sukari, lemun kwalba in baƙuwa ta zo, kuma baƙi ba sa yankewa a shagon tela. Ta ce, "Mama, da cokali kike mayar da abin da kika fitar da zufa, har da riba." Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Amma da dare na ɗauki takardar na sake dubawa.

Ban yi rijim irin na ƴan buro ba, ba ni da kuɗin tuffa da salati kullum. Sukari na mayar ƙwaya ɗaya, lemu na bar wa baƙi, fura na sha ta da nono ba ƙari. Dambu kuwa na juya shi, zogala ta fi tsaki yawa, mai cokali ɗaya maimakon a tsiyaya har ya kwanta. Tuwon dare na raba shi biyu. Sati biyun farko na yi ta faɗa da kowa a gidan, har kyanwa. Sikeli ya fara sauka a hankali, rabin kilo, wani satin ba komai. Ni dai na fi yarda da metir ɗina na awo, don shi ne bai taɓa yi mini ƙarya a kan kowace mace ba: ƙugu daga 112 ya dawo 106 kafin azumi. Na zare zaren wata rigar shadda da na buɗe har sau biyu, na mayar da ɗinkin kan tsohon layinsa, ramukan allurar farko suna nan.

Azumin 2024 ya kama cikin Maris, zafi ya fara, na mayar da hawan bayan asham kawai, minti goma, da gorar ruwa a gefe. A daren goma sha wani abu, na tada sallar isha a ɗaki, kujerar tana bayana kamar kullum. Da na ɗago daga ruku'u ban zauna ba, na ce bari in gwada. Na sa hannu ƙasa, na sauke gwiwar dama, na sauke ta hagu. Goshina ya taɓa darduma. Ƙanshin turaren wuta da ƙura ne a jikinta, na manta ma darduma na da ƙanshi. Na daɗe a nan fiye da yadda ya kamata. Tashi ya yi wuya, sai da na dafa ƙasa sosai, amma ba wanda ya kama ni. Da na sallame na waiga, auta ya ja kujerar ya zauna a kai yana cin dabino, bai ma lura ba.

Ana saura kwana biyar salla surukata ta iso daga Tawa, da buhun albasa da cuku da ƙullin kuɓewa. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, ina jiran ta lura da durƙuson. Wuyana ta kalla. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi ya same ki? Ciwo kika yi anka ɓoye mini?" Na ce lafiya lau, Inna. Ta ce, "Lahiya ba ta hidda ƙashin wuya." A wurin su Inna, kuma a wurin uwata ma, matar aure da ta rame abin kunyar mijinta ce, ko dai ba ya ciyar da ita, ko ba ta da kwanciyar rai. Kilo 92 nake ranar, amma kallon da take yi mini kamar na fito daga fari.

Kwana biyu na ɓoye faifan a bayan kabad. Ran na uku na dawo daga shago da la'asar, aikin salla ya sha kaina, na tarar da shi a tsakar gida cikin rana tsaka, an shanya yankakkiyar kuɓewa a kai, an baza ta tsaf har baki. Inna na zaune a inuwa da carbi. Ta ce, "Wanga abu na da kyau, iska na shiga ta ƙasa, kaji ba su kai. Ina kunka samo shi?" Kafin in buɗe baki auta ya ce, "Na tsallen Mama ne, kullum da dare take hawa don ta rame."

Inna ta ajiye carbin. Ba ta ce da ni komai ba. Bayan an sha ruwa ta aika a kira mata ɗanta, suka shiga ɗaki, ta ce a ja ƙofa. Ni kuma na tsaya ina kwashe kuɓewa daga kan faifan da ludayi, kunnena na wajen taga.

Abin da na jiyo, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.