Jakar ruwa a hantar mutum: ta tunkiya ce ko ta raƙumi?

Kafin yaƙin 2023 ina aiki a wani ɗakin gwaji a Wad Madani, a ƙasar Sudan, inda ake kawo mana jakar ruwan da likitoci suka ciro daga hanta ko huhun marar lafiya. Tsutsar Echinococcus ce ke jawo ta. Uwar tana zaune a hanjin kare, tsawonta bai kai santimita ɗaya ba, ƙwanta kuma yana fita a kashinsa, ya bi hannu ko ganye ya shiga cikin mutum. Tumaki da raƙuma da shanu ma suna yin jakar, kare kuwa yana kamuwa ne in ya ci kayan cikinsu.

In an tsaga jakar, akwai wani farin ɓawo kamar dafaffen farin ƙwai, a ƙasan ruwan kuma ƙananan kawunan tsutsa sun kwanta. Nakan ɗiga musu jan rini na eosin in duba a madubin ƙara girma: matattu su rine, masu rai su ƙi shan rinin, wasu har da ɗan motsi. Abin sha'awa ne, amma bai gaya maka jinsin tsutsar. Ta tunkiya da ta raƙumi kamarsu ɗaya a ido. Sai an tatso DNA, an ninka yankinsa da ake kira cox1 ko nad1 da PCR, wato dabarar ninka DNA, an karanta jerinsa, sannan a san G1 ce, ta tumaki, ko G6, ta raƙuma, ko G5, ta shanu. A duniya G1 ce ke da kusan kashi 88 cikin 100 na masu cutar, amma a Sudan G6 ce ta cika raƙuma, an kuma same ta a mutane.

Abin da ya fi ba ni wahala ba na'ura ba ce, kwalba ce. 'Yan tiyata sun saba jefa komai cikin fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, shi kuwa yana lalata DNA. Dole na riƙa kai musu kwalaben ethanol mai kashi 70 da kaina, ina cewa, “Yaya, don Allah yankin fatar cikin jakar kaɗan a sa mini nan.”

Na raƙuma kuwa daga mayankar garin Tambul muka riƙa samowa, yawanci a huhu. Na tambayi wani dattijon mahauci ina suke kai huhun da ya lalace. Ya nuna mini bayan katanga da wuƙarsa, ya ce, “Ɗana, ai karnuka ba sa bari ya kwana.”